Taubashin Sarki

A Olomouc, ƙarƙashin shagon mai gyaran agogo,
akwai ɗaki mai kujera arba'in da uku,
ɗaya gurguwa ce, mun tokare ta da bulo.
Nan na koyi jan zaren 'yar tsana a hannun Lubor,
shekara goma sha ɗaya a saman labule,
har yatsuna suka yi kanta.

Da dare Lubor sarki ne.
A babban gidan wasa na bakin dandali
yakan sa rigar karammiski mai warin kafur,
ya shiga tsohon wasan nan
da kakanninmu suka haddace da bulala:
sarkin da ya binne ƙararrawar gari
don kada ta buga ranar mutuwarsa.
Blazena ce sarauniya. Shekara talatin
tana cikawa a hannunsa ƙarfe tara da kwata,
shi kuma ya ɗaga kai, ya ce,
"Wa ya kashe fitila? Ban gama kallonta ba."
Mata su hau laluben hankici.

Asabar da hantsi, su biyun dai,
su sauko mana matakala goma sha huɗu,
su rataye sarauta a ƙusa tare da laima.
Lubor ya koma bunsurun katako mai kambin gwangwani,
Blazena kaza ce da mutuwa ta gagara:
ta faɗi, ta tashi ta gyara kwanciya, ta sake faɗuwa.
Bunsuru ya binne murfin tukunya,
ya ɗaga gemu, da muryar daren jiya, ba ragi,
"Wa ya ɗauke kabeji? Ban gama cinsa ba."

Yara na dariya don gemun yana rawa,
iyaye na dariya don sun san rijiyar da aka ɗebo.
Dariya biyu a ɗaki ɗaya.
Ni ina sama, ina jin su ta cikin zare.

Sau biyu darakta ya aiko takarda,
wai muna zubar wa wasan magabata mutunci.
Lubor ya goge burushin fenti da ta farko.
Ta biyu ya ba bunsuru ya cinye a gaban jama'a.
Ya ce, "Taubasai ne, ba a shiga tsakaninsu."

Sai wani daren sanyi, ƙanƙara har gwiwa,
yaran ɗakinmu sun girma, sun sayi tikitin bene.
Sarki ya ɗaga kai zai tambayi fitila,
wani daga can sama ya yi kukan akuya.
Zaure ya ɓarke.
Gawar sarauniya na ga cikinta yana girgiza.
Lubor bai motsa ba. Ya bari ruwan ya wuce,
sannan ya faɗi maganar ƙasa-ƙasa,
kamar mai tambayar hanya a garin da ba nasa ba.
Har ƙarar bututun ɗumama ɗaki muka ji.

Blazena ta mutu bara, sau ɗaya, ba ta gyara kwanciya ba.
Ɗakinmu yanzu ma'ajiyar kekuna ne.
Lubor yana gidan tsofaffi kusa da kogin Morava,
yana kirana da sunan ƙaninsa.

Ran Laraba na kai masa bunsuru a jakar cefane.
Fuskarsa ba ta gane shi ba. Yatsunsa suka karɓa,
suka warware zaren da ya sarƙe tun bara,
katako ya miƙe a kan bargo, ya ɗaga gemu.
Na shirya dariyata, ina jiran kabeji.

"Wa ya kashe fitila?" in ji bunsuru.
"Ban gama kallonta ba."

Wata nas da ke wucewa da tiren magani
ta leƙo, ta ce yi haƙuri, baba,
ta kunna masa fitila, ga rana tsaka.